Yadda Ake Sayen Suturar Aiki Mai Inganci Ba Tare Da Zargin Kai Ba

Ma'aikata da yawa a yankinmu na Badarawa da Shinkafi da Zurmi da Kaura Namoda suna fama da wata damuwa da ba sa faɗa wa kowa. Mutum ya ga rigarsa ta zuwa aiki ta koɗe, wuyanta ya cinye, ya daure ya sayi yadi mai kyau, sai barci ya ƙaurace masa. Zuciya ta yi ta ce masa: da kuɗin nan ai ka auno hatsi, da ka taimaki ɗan'uwan da 'yan bindiga suka raba da garinsu, da ka rage wani bashi.

Wannan damuwa tana da tushe. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yuni na shekarar, komai ya yi tashin gwauron zabo. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai kamo tsadar ba. Ga kuma rashin tsaro da ya sa gida ɗaya yake ɗauke da nauyin gidaje biyu ko uku. Duk da haka, malamin makaranta sai ya tsaya gaban ɗalibai, ma'aikaciyar asibiti sai ta shiga ɗakin haihuwa, mai walda sai ya tunkari tartsatsi, kuma kowannensu da sutura zai yi hakan. Ga matakan da za su sa ka saya da hankali, ka sa da kwanciyar rai.

Mataki na 1: Gano abin da yake damun zuciyar

Zauna kai kaɗai ka tambayi kanka: me ya sa nake jin kamar na yi laifi? Amsar takan kasance ɗaya daga cikin uku. Ta farko, akwai hakkin da ke kanka wanda ba ka sauke ba, kamar cefanen gida, kuɗin makarantar yara, maganin mahaifiya, ko bashin da lokacinsa ya yi. Idan wannan ce, to zuciyarka gaskiya take gaya maka. Ajiye maganar sabon yadi, ka fara sauke nauyin.

Ta biyu, tsoron bakin mutane ne: kada a ce wane ya samu ya manta da 'yan'uwa, ko ana kuka shi yana ado. Ta uku kuwa sabo ne, domin wanda ya tashi ba ya ganin sabon kaya sai da Sallah yakan ji kamar duk ɗinkin da ba na Sallah ba almubazzaranci ne. Waɗannan biyun ba su isa su hana ka abin da aikinka yake buƙata ba.

Addini ma ya raba mana gardama. A cikin Sahihu Muslim, wani ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da mutumin da ke son tufafinsa da takalminsa su yi kyau, sai aka bayyana masa cewa wannan ba ya cikin girman kai, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Aya ta 67 a Suratul Furƙan kuma ta yabi bayin Allah da ke bin tsaka-tsaki wajen kashe dukiya, ba ɓarna ba ƙwauro. Saboda haka ma'auninka shi ne tsakaitawa.

Mataki na 2: Fito da abin da kake da shi

Kafin ka nufi kasuwa, zazzage akwati ko jaka ka raba kayan kashi uku: masu kyau da za a ci gaba da sa wa, masu buƙatar gyara, da waɗanda suka gama aiki. Sau da yawa za ka tarar rigar da ka yi watsi da ita maɓalli kawai take nema, ko wando ya yi tsawo, ko takalmi yana son a sake masa ƙasa. Kai su wurin tela da mai gyaran takalmi. Abin da ya rage bayan gyara shi ne ainihin buƙatarka, kuma yawanci bai kai abin da ka zata ba.

Ga wanda ke fita aiki kwana biyar a mako, kaya kala uku ko huɗu masu aminci sun wadatar idan ana jujjuya su, tare da hula biyu da takalmi mai ƙwari. Mace ma haka: ɗinki uku ko huɗu, da hijabi ko mayafi biyu masu launin da zai shiga da kowanne.

Mataki na 3: Bari aikin ya zaɓi suturar

Malamin firamare a Badarawa da ke wuni cikin alli da ƙura yana buƙatar yadi mai jure wanki, mai launin toka ko ruwan ƙasa ko shuɗi, wanda ba ya saurin nuna datti. Malami ko ma'aikacin ofis a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, kaftani mai sauƙin aiki a wuya ya ishe shi. Ma'aikaciyar lafiya tana buƙatar farin yadi mai kauri wanda ba ya nuna jiki, da takalmi rufaffe mara santsi, saboda tsayuwa da allura da jini.

Ga mai walda da makanike da mai tuya a bakin wuta, maganar ta wuce ado, ta zama ta kare rai. Yadin roba idan wuta ta taɓa shi narkewa yake yi ya manne a fata, don haka auduga mai kauri ce ta dace, da takalmi rufaffe, da tabarau na walda na gaskiya. Manomin fadama a bakin gulbin Gagare takalmin roba mai dogon wuya zai kare shi daga sara da ƙaya. Ɗan kabu-kabu kuwa rigar sanyi mai kyau a lokacin hunturu ta fi masa kuɗin magani sauƙi.

Akwai wani abu da halin da muke ciki ya koya mana. Inganci daban, ƙyalƙyali daban. Wanda ke bin hanyar Kaura zuwa Shinkafi ko Zurmi bai kamata ya sa abin da zai ja ido gare shi ba. Nemi yadi mai ƙarko mai sanyin launi, ka bar babbar shadda mai sheƙi don ranar biki a cikin gari.

Mataki na 4: Yi lissafin kowace sawa

Wannan lissafi shi ne maganin zargin kai. Kada ka tsaya kan farashin ranar saye, raba kuɗin da yawan ranakun da za ka sa kayan. A ɗauka, a misali, yadi mai araha da ɗinkinsa sun ci naira 20,000, kana sa shi sau biyu a mako, ya koɗe cikin wata shida. Ka sa shi kusan sau 50 ke nan, kowace sawa ta tashi a naira 400. A ɗauka kuma mai kyau da ɗinkinsa sun ci naira 45,000, ya yi maka shekara biyu. Ka sa shi kusan sau 200, kowace sawa naira 225. A cikin shekara biyun nan mai sayen na araha zai ɗinka huɗu, ya kashe naira 80,000. Ka sauya alƙaluman da farashin da ka tarar a kasuwa, ka ga inda lissafinka zai faɗa. Magabata sun riga sun ce araha ba ta ado.

Amma a kula, ba duk mai tsada ne mai ƙarko ba. Wani kuɗin suna ake biya. Shaddar Getzner da ake yi a Ostiriya da atamfar Holan suna da kyau, sai dai ba dole ba ne don zuwa aiki, kuma jabunsu ya cika kasuwa. Yadi matsakaici na gaskiya ya fi babban suna na jabu.

Mataki na 5: Tara kuɗin, kada ka ci bashi

Ware wa sutura kasonta kamar yadda kake ware na hatsi. Ɗan abu kaɗan kowane wata, ko da naira 3,000 ce zuwa 5,000, a asusu ko a adashi da abokan aiki amintattu. Manomi da ɗan kasuwa su ware nasu da kaka. Kuɗin da tun farko aka sa musu sunan sutura ba sa damun zuciya ranar da aka kashe su. Bashin ɗinki kuwa shi ke sa mutum ya ga rigarsa ya ji gabansa ya faɗi.

Kada ka sayi komai lokaci guda. Fara da abin da ya fi lalacewa ko wanda ya fi shafar lafiyarka, galibi takalmi, sannan bayan wata biyu ko uku ka ƙara ɗinki ɗaya.

Sanar da iyali kafin ka saya. Magidanci ya ce wa matarsa: “Uwargida, kayan aikina sun mutu, ga abin da na ware, ga kuma na cefane ban taɓa shi ba. Zagaye na gaba naki ne da na yara.” Mace mai aiki ta ce: “Maigida, albashin wannan wata zan cire na farin yadi biyu, saura yana nan yadda muka tsara.” Abin da aka yi a fili ba ya zama abin zargi.

Mataki na 6: Zaɓi lokaci da kasuwa

Guji makonnin da ke gab da Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah. A lokacin yadi yana tsada, teloli kuma aiki ya yi musu yawa, ɗinkin gaggawa suke yi. Bayan Sallah da mako biyu ko uku tela yana da natsuwa.

Duk da cewa jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda tun 1929 yana kwasar auduga da gyaɗa, yau masaƙunmu na Gusau da Kaduna da Kano yawancinsu sun durƙushe. Mafi yawan yadin da muke gani daga ƙasashen waje yake shigowa, ya bi ta Kantin Kwari a Kano, shi ya sa farashinsa ke bin dala. Ka zaga shago uku kafin ka ciro kuɗi, ko a kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, ko a Kaura, ko a Gusau. Idan abokan aiki huɗu ko biyar suka haɗa kuɗi suka ba amintaccen ɗan kasuwa mai zuwa Kano saƙo, sukan samu rangwame, kuma ba wanda ya hau hanya don yadi huɗu kacal. Gwanjo ma ba abin kunya ba ne: rigar sanyi da takalmin aiki da wandon makanike na gwanjo mai kyau sukan fi sabo na jabu daɗewa.

Mataki na 7: Gwada yadin kafin ka biya

Ɗaga shi ga haske, idan saƙar ta yi shara-shara ba zai jure wanki ba. Dunƙule gefensa a hannu ka saki, ka ga yadda yake yamutsewa. Jiƙa farin ƙyalle ka goga a kai, idan launi ya fita to zai zuba. Roƙi mai shago ya ba ka ɗan zare ka ƙona: auduga tana warin takardar da aka ƙona ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri. A zafin bazararmu auduga ko wanda audugarsa ta rinjaya ya fi sanyi a jiki. Takalmi kuma a gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a taka a ji.

Mataki na 8: Kada ka yi wa tela rowa

Yadi mai kyau a hannun tela mara kyau asara biyu ce. Dubi ɗinkin da ya yi wa wasu, ka juya cikinsa ka ga yadda ya kashe bakin zare. Idan auduga ce, a jiƙa ta ta bushe kafin a yanka, domin takan ɗan tsuke. Gaya masa a fili: “Malam, wannan na zuwa aiki ne. A ninka ɗinki a hammata da aljihu da tsakiyar wando, a bar rara a ciki saboda gyara, aikin wuya kuma kaɗan.” Ku yanke kuɗi da ranar karɓa tun farko.

Mataki na 9: Kula da su, ka kuma fitar da tsoffin

Da ka dawo gida cire kayan aiki ka rataye, ka sa na zaman gida. A wanke fari daban, mai launi daban. A juya ciki waje a shanya a inuwa, domin rana ita ke cinye launi. Kada a cika wa dutsen guga wuta. Ƙaramar yagewa a ɗinke ta a ranar, takalmin fata kuma a goge shi a shafa masa mai.

Duk lokacin da sabon ɗinki ya shigo, fitar da ɗaya daga cikin tsoffin da ke da sauran kyau, a wanke a goge, a ba wanda ke buƙata. A garuruwanmu akwai waɗanda suka baro ƙauyukansu da rigar jikinsu kawai. Ware kuma abin taimakon dangi a cikin lissafin wata, daidai ƙarfinka. Idan wani ya zo bayan ya ƙare, gaya masa gaskiya cikin ladabi: “Kawu, ka yi haƙuri, na wannan wata ya riga ya fita, in Allah ya kai mu wata mai zuwa zan tuna da kai.”

Mai karatu, idan gidanka da abinci, yara suna makaranta, ba ka danne hakkin kowa ba, kuma da guminka ka tara kuɗin, to ba ka yi laifin komai ba don ka sayi sutura mai kyau ta neman halal. Sa kayanka, ka gode wa Allah, ka fita aikinka ka yi shi da gaskiya.