DARASIN LAFIYA: An Ce Na Warke, Amma Zuciyata Ta Ƙi Kwanciya

Darasinmu na wannan fitowa zai taɓo wani ɓangare na ciwon daji, wato sankara ko kansa, wanda ba a cika maganarsa ba. An sha koya mana yadda mace za ta duba mamanta da kanta, da amfanin zuwa asibiti da wuri. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne halin da mace take shiga bayan an gama magani, an sallame ta, 'yan barka sun zo sun watse.

A majalisinmu na ta'alim akwai wata baiwar Allah, ba zan kama suna ba, uwar 'ya'ya biyar, wadda aka cire wa mama ɗaya shekara uku da suka wuce. Ta sha ƙarin ruwan nan na kemo, sumarta ta zube ta sake tsirowa, aka yi mata gashin na'ura, daga ƙarshe likita ya ce ba su ga sauran komai ba. Rannan bayan an tashi karatu ta ja ni gefe, ta ce: "Malama, don Allah in tambaye ki, imanina ne ya yi rauni? Kowa yana ce mini in gode Allah, kuma wallahi ina godewa. Amma ko bayana ne ya ɗan riƙe, sai in ce shi ke nan, ya dawo. Cikin dare sai in tashi ina lalube tabon aikin. Na auta nake kallo yana barci ina cewa wa zai riƙe mini shi." Ta ce ko maigida ba ta taɓa faɗa wa ba, don ya sayar da fili a kan jinyarta, da wane baki za ta ce masa har yanzu hankalinta bai kwanta ba?

Amsar da na ba ta ita ce wannan darasi, bayan na ƙara bincike.

Abu na farko, 'yar uwa, ba ke kaɗai ba ce. Likitoci sun san wannan hali, har suna suka ba shi: tsoron dawowar cuta. A shekarar 2022 an wallafa wani nazari da ya tattara bayanan mutum sama da 9,000 masu ciwon daji da waɗanda suka gama magani, daga ƙasashe 13. Aka tarar kusan 6 cikin kowane 10 suna da wannan tsoro gwargwadon da za a lura da shi, kuma kusan 1 cikin 5 nasu ya yi tsananin da yake buƙatar taimakon masana. Ya fi yawa ga mata, ya kuma fi tsanani ga masu ƙarancin shekaru. Wannan ba abin mamaki ba ne, don mai ƙananan yara ba kanta kaɗai take tunani ba.

Kuma tsoron yana da tushe, kada mu yaudari juna. Ciwon daji yana iya dawowa, ko a wurin da aka yi aikin, ko a wani sashe na jiki kamar ƙashi, huhu ko hanta. Dalili shi ne wasu 'yan ƙwayoyin cutar kan tsira daga magani, su yi likimo, ƙanƙantarsu ta sa hoto ba ya ganinsu. Haɗarin ya fi yawa a shekarun farko, shi ya sa ake yawan kiran mace asibiti a lokacin, bayan wata uku ko shida, daga baya a mayar shekara-shekara. Akwai kuma nau'in sankarar mama da ke rayuwa da sinadarin jikin mace, wanda yake iya jinkirin dawowa har bayan shekaru masu yawa. Saboda shi ne ake ba mace ƙwayar tamoksifen ta sha kullum shekara 5, wani lokaci har 10. Nazarin da aka yi a kan dubban mata ya nuna shan ta shekara 5 yana rage mutuwa daga irin wannan sankara da kusan kashi ɗaya cikin uku. To kin ga, haɗari yana nan, amma makami ma yana nan, kuma mata da yawa suna tsufa cutar ba ta sake waiwayarsu ba.

Shin tsoro raunin imani ne?

Nan ne nake son mu daɗe, don nan ne muke cutar da junanmu ba da sani ba. Mace ta buɗe baki ta ce tana jin tsoro, sai mu yi caraf mu ce, "Haba Hajiya, ina tawakkalinki?" Sai ta yi shiru. Mu a zatonmu nasiha muka yi, alhali kaya muka ƙara mata: da tsoro kaɗai take ɗauke da shi, yanzu ga tsoro ga zargin kai.

Mu duba tarihin Annabawa mana. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yaƙub (AS), wanda baƙin cikin rabuwa da ɗansa Yusuf ya kai har idanunsa suka yi fari, kuma Allah bai zarge shi ba, don ga Ubangijinsa ya kai kukansa. Annabi Musa (AS) an ambaci tsoronsa a wurare fiye da ɗaya. Annabi Ayyuba (AS), wanda da shi ake buga misalin haƙuri a kan cuta, bai yi gum ba, ya faɗa wa Ubangijinsa cewa cuta ta taɓa shi, ya nemi rahama. Shugabanmu (SAW) kuwa ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. A cikin hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito a kan abubuwan da ke kankare wa mumini zunubi, ba ciwon jiki kaɗai aka lissafa ba, an ambaci damuwa da baƙin ciki tare da shi. Wato wannan faɗuwar gaban da kike ji tsakar dare, idan kika haɗa ta da haƙuri, ita ma tana cikin ma'auninki. Abin da shari'a ta hana shi ne fushi da hukuncin Allah da yanke ƙauna daga rahamarSa. Bugun zuciya kuwa ba a hannunki yake ba.

Akwai wata magana kuma da take yawo, wai damuwa ce take dawo da cutar, don haka dole mace ta riƙa fara'a ko ta jawo wa kanta. Bincike bai tabbatar da haka ba. Sai ki ga mace tana tsoro, tana kuma tsoron tsoron da take ji. Ki sauke wannan kayan. Illar tsoro ta gaskiya tana cikin abin da yake sa mace ta aikata, ko ta bari.

Mata biyu nake gani a nan. Ta farko ita ce irin 'yar uwarmu ta majalisi: lalube ba dare ba rana, har wurin ya yi tsami saboda matsawa, tsamin kuma ya zama sabuwar hujjar tsoro. Yau tana wannan ɗakin gwaji, gobe tana wancan, kuɗin cefane yana tafiya a hoto, sakamako ya fito lafiya ta samu natsuwar kwana uku, sai a koma gidan jiya. Ta biyu ita ce ta fi ba ni tsoro. Ita gudu take yi. Ranar ganin likita ta zo sai ta ce akwai biki. Ta ajiye ƙwayarta, don duk safiya in ta gan ta sai ta tuna. Ta ji ƙullutu a hammata ta yi shiru wata shida. In kuma aka yi rashin sa'a wata ta raɗa mata tsohuwar maganar nan cewa daji ba ya son allura, ko a ce ai jifa ne, sai a koma jiƙe-jiƙe, a dawo asibiti lokacin da abu ya yi nisa. Ruƙiyya da addu'a ba su hana ganin likita. Mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, ai umartarsa aka yi ya ɗaure ta tukuna.

Yaya za ki bambanta ciwon yau da kullum da wanda ya kamata a kai wa likita? Jikin da ya sha aiki da kemo da gashi dole ya riƙa ƙorafi: tsukewa a tabo, dindiris a hannu, kasala, ciwon gaɓoɓi. Ita kanta tamoksifen tana kawo jin zafi kwatsam da gumi. Ƙa'idar da likitoci suka saba bayarwa ita ce: sabon abu, wanda ba ki san dalilinsa ba, ya kai mako 2 bai tafi ba ko yana ƙaruwa, ki je a duba, kada ki jira ranar da aka rubuta miki. Misali sabon ƙullutu a tabo, a hammata, a saman ƙashin wuya ko a ɗaya maman. Ciwon ƙashi a wuri ɗaya mai tashinki daga barci. Tari ko haki da ya ƙi ƙarewa. Ciwon kai mai naci. Rama ba dalili. Zubar jini ba lokacin al'ada ba, musamman ga mai shan tamoksifen, da idanu su yi rawaya, waɗannan ba a jira musu mako 2. Ciwon baya da ya zo da mutuwar ƙafafu ko rikicewar fitsari kuwa, a ranar za a tafi. Sanin wannan kaɗai yana rage rabin wahala, don kin samu ma'auni, ba kowane atishawa ne zai tashe ki tsaye ba.

Ga mai yawan lalube, ki tsayar da rana ɗaya a wata, ki duba da kyau yadda aka koya miki, ki bar wurin ya huta. Tunanin kuma ki yanka masa lokaci, kamar minti 15 bayan la'asar, ki zauna da takarda ki rubuta abin da yake damunki. In ya zo miki kina tsakiyar girki, ki ce masa sai la'asar. Da farko abin zai yi kamar wasan yara, amma irin waɗannan dabaru ne masana halayyar ɗan Adam suke koyarwa. A Ostareliya an gwada wani shiri na zama 5 kacal da masani, aka wallafa sakamakon a 2017, ya nuna tsoron ya ragu sosai ga waɗanda suka shiga. Abin da kika rubuta wanda tambaya ce, ki tafi da shi wurin likita. Ki tambaye shi kai tsaye: wane nau'i ne nawa, a wane mataki aka same shi, me zan sa wa ido? Ki tafi da wadda za ta taya ki ji, don mai faɗuwar gaba ba ta riƙe magana. Satin da za a koma asibiti kuwa, ki san dama barci zai yi wuya, kusan kowa haka yake ji. Azkar na safe da yamma, da tafiya a ƙafa ko cikin tsakar gida ne, suna taimakawa ƙwarai.

Amma idan abin ya kai mako 2 ko fiye kullum cikin ƙunci, abinci ba daɗi, barci ya ƙaurace, abin da kike so da ya fita ranki, ba kya iya kula da yara, ko kina jin gara ma ki mutu ki huta, to wannan ya zama ciwon damuwa, kuma yana da magani. Ki faɗa wa likitanki ya haɗa ki da likitan ƙwaƙwalwa. Na san abin da za a ce a unguwa. A bar su su ce. Asibitoci irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano, da sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, ba don masu taɓin hankali kaɗai aka gina su ba.

Saura maganar da ta fi nauyi a baki, maganar aure. Sau da yawa in mace ta ce tana tsoron cutar ta dawo, akwai wani tsoron a ƙarƙashi: in ta dawo, zai sake jurewa kuwa? Likitoci a Zariya sun bi mata 81 masu aure da aka cire wa mama, suka wallafa abin da suka gani a 2010. Wata shida bayan aiki, kusan biyu cikin uku sun ce suna jin kamar ba su cika mace ba. Bayan shekara 3, fiye da kashi 38 cikin 100 aurensu ya mutu ko sun rabu da mazajensu. Wannan a ƙasarmu ne, cikin al'ummarmu, kuma abin kunya ne gare mu. Ki miƙa wa maigida wannan shafi ya karanta. Ya sani ciwon daji ba a ɗaukarsa ta kwanciya ko ta cin abinci tare. Ya sani kuma in zai ƙara aure, halal ne, amma sa ranar biki tana tsakiyar kemo ba ya cikin kyakkyawan zaman da aka umarce shi da shi. Na kuma san mazaje na kirki da suke cikin irin wannan tsoro su ma, suna ɓoyewa don kada su karya mata zuciya, ita ma tana ɓoyewa don kada ta karya masa. Gida ɗaya, tsoro ɗaya, kowa yana dakon nasa shi kaɗai. Wani ya daure ya fara magana.

Mu kuma 'yan dubiya, mu ji tsoron Allah a kan harsunanmu. Ba a zuwa gaban mai jinya a ce, "Ai wance ma haka aka cire mata, shekara biyu ta yi." Ba a tsura wa ƙirjinta ido. Nana A'isha (RA) takan sa a dama talbina, wani kunu na garin sha'ir, a ba mara lafiya da mai baƙin ciki, saboda ta ji daga Annabi (SAW) cewa yana sanyaya zuciyar majinyaci. Kin ga tun a wancan zamani an san zuciyar mara lafiya ma tana buƙatar jinya. Ki kai kunu, ki ɗebe mata wanki, ki kwashi yara zuwa islamiyya. In ta fara maganar tsoronta, ki bar ta ta kai aya kafin ki kawo nasiha.

'Yar uwarmu ta majalisi ta faɗa wa maigidanta daga baya. Ta ce shiru ya yi, can ya ce shi ma duk ranar da za su koma asibiti ba ya iya karyawa. Yanzu tare suke zuwa, shi yake riƙe takardar tambayoyin. Amirar reshenmu kuma ta haɗa ta da wasu mata biyu da suka bi ta wannan hanya, ɗaya shekararta 11 da aiki, suna haɗuwa Asabar ɗin farkon wata. Duk reshen da yake da irin waɗannan mata, in sun yarda, yana iya yin haka, ɗaki da tabarma kawai ake buƙata, da sharaɗin abin da aka faɗa a ciki ba ya fita.

A fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu, za mu duba hukuncin azumi da tsarki ga mai shan maganin ciwon daji.