Jinginar Gida: Matsayin Magada Idan Mai Gida Ya Rasu Da Bashi

A Fadan Kagoma da Kafanchan, ɗan kasuwa kan jinginar da gidansa ga banki domin samun jarin sayen citta. Bayan annobar da ta lalata gonakin citta a kudancin Jihar Kaduna a shekarar 2023, biyan irin wannan bashi ya yi wa mutane da dama wuya. To, ina matsayin iyali idan mai gidan ya rasu bai gama biya ba?

Bashin ba ya bin mamaci kabari, yana nan a kan gidan, kuma kuɗin ruwa na ci gaba da hauhawa. Ko a kotun shari'ar Musulunci, ko a Babbar Kotu, sai an fitar da kuɗin jana'iza da basussuka kafin magada su sami rabonsu. Alal misali, idan aka sayar da gida Naira miliyan 12 alhali banki na bin miliyan 5, to miliyan 7 ne gado. In kuwa dukiyar mamaci duka ta kasa biyan bashin, ba a bin magada sauran daga aljihunsu, sai fa wanda ya sa hannu ya tsaya masa.

Inda ya kamata magada su fi zuba ido shi ne ingancin jinginar kanta. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta wajabta neman amincewar Gwamna kafin a jinginar da fili mai takardar mallaka ta jiha. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989, Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina saboda rashin wannan amincewa. Amma kada a yi saurin murna, domin rushewar jingina ba ta shafe bashin. Haka kuma gidan dangi, irin wanda ya yawaita a ƙasar Kagoma, mutum ɗaya ba shi da ikon jinginar da shi ba tare da yardar shugaban gida da manyan dangi ba.

A ganinmu, kuskuren da ya fi tsada shi ne ɓoye wa banki rasuwar. Gara a sanar da shi a rubuce, a nemi lissafin abin da ya rage, a kuma bincika ko mamacin ya yi inshorar rai a kan bashin, domin in akwai ta, kamfanin inshora ne zai biya. Daga nan sai a nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci a Babbar Kotu, wadda bankuna kan buƙata kafin su tattauna da magada a kan sabon tsarin biya, ko a kan su sayar da gidan da kansu maimakon a yi gwanjonsa da araha.