Tunatarwa Ta Waya Bayan Bugun Zuciya

A cikin shekarun da na yi ina duba masu ciwon zuciya, ranar da ake kawo mutum ranga-ranga, yana dafe da ƙirji, gumi na tsattsafo masa a goshi, ba ta firgita ni kamar wata na uku ko na huɗu bayan sallama. Domin a ranar farko kowa a farke yake, da likita da majinyaci da iyalinsa, amma idan ƙirji ya lafa, 'yan dubiya suka ɗauke ƙafa, sai gafala ta shigo gida ta yi shimfiɗa.

Abin da muke kira bugun zuciya, a haƙiƙaninsa, toshewa ce ta ɗaya daga jijiyoyin da ke shayar da tsokar zuciya, sa'ad da kitsen da ya daɗe yana taruwa a bangon jijiya ya tsage, jini ya daskare a kansa. Kuma ko an buɗe jijiyar, ko ma an saka mata 'yar ragar ƙarfe don ta zauna a buɗe, asalin illar yana nan. Shi ya sa muke sallamar mutum da magunguna galibi huɗu ko biyar: asfirin da abokin tafiyarsa, masu hana jini daskarewa, da na rage kitsen jini, da na sassauta bugawar zuciya da saukar da hawan jini. Wanda aka saka wa raga, in ya bar na hana daskarewa tun wa'adinsu bai cika ba, yana iya wayar gari ragar ta toshe farat ɗaya.

Wani dattijo, mai sayar da yadi, ya taɓa komo mini bayan wata huɗu da ledar magunguna a aljihun babbar rigarsa. Da na zazzage ta bisa tebur na ƙirga, sai na tarar fiye da rabi ba a ko ɓare su ba. Na ce, "Baba, me ya faru?" Ya ce, "Likita, na safe kasuwa ke shagaltar da ni, na dare kuwa ai na ga Allah Ya ba ni lafiya." Muka yi shawara da ɗansa, wanda ke aiki a wani gari, ya riƙa aiko masa da tes sau biyu a yini, kuma na ce a ɗaura saƙon a kan lokutan salla, ɗaya bayan Asuba ɗaya bayan Isha'i, saboda mutumin da ba ya duban agogo ba ya rasa sanin an kira salla.

Wannan dabara an jarraba ta da ma'auni na ilimi. A Asibitin Westmead da ke birnin Sidni na Ostiraliya, Farfesa Clara Chow da abokan aikinta sun raba masu ciwon jijiyar zuciya 710 gida biyu, suka riƙa aika wa kashi ɗaya saƙo huɗu a mako har wata shida, kan abinci da motsa jiki da barin taba. Sakamakon da suka buga a 2015 ya nuna hawan jinin masu samun saƙo ya sauka da kimanin maki bakwai fiye da na sauran, kitsen jininsu ya ɗan ragu, tafiyarsu ta ƙaru, masu shan taba a cikinsu kuma suka ragu. Sai dai amanar ilimi ta wajabta in faɗi ɗaya ɓangaren: da suka sake gwaji da mutum 1,424 da suka tashi daga ciwon, suna nufin shan magani kansa, abin da ya fito a 2022 shi ne saƙon bai ƙara yawan masu dagewa a kan maganinsu ba.

Ban yi mamakin wannan ba, don kuwa mantuwa ɗaya ce kawai daga sabubban barin magani, alhali tes mantuwa kaɗai yake warkarwa. Wani kuɗin sayen maganin ne ya gagare shi, kunya kuma ta hana shi faɗa. Wani jiri yake ji, ko ciwon tsoka, ko ya ga jini a dasashinsa ya tsorata. Wani kuwa, kamar dattijon nan, ya ɗauki sauƙi a matsayin waraka. Duk waɗannan sai an ji daga bakinsu. A Kenya, a wani bincike da aka buga a 2010 kan masu shan maganin ƙanjamau, saƙon kalma guda ce ta tambayar lafiya sau ɗaya a mako, amma da sharaɗin a amsa, wanda ya yi shiru ko ya ce da matsala sai ma'aikaciyar jinya ta kira shi. Dagewarsu a kan magani kuwa ta ƙaru. A ganina fa'idar tana cikin amsar nan da kiran da ke biye da ita.

Don haka nake roƙon iyalan majinyata kada su jira asibiti ya kafa wani tsari. Ɗa ko 'ya ko ƙane ya ɗauki wannan nauyi, da saƙon murya in majinyaci bai karanta boko ba, ya kuma nemi amsa. A haɗa da tunatarwar tattaki bayan La'asar, a fara da minti biyar ko goma bisa izinin likita, a ƙara sannu a hankali har a kai minti 30 sau biyar a mako, da saurin da mutum zai iya magana yana tafe. In azumi ya gabato, a zo mu tsara lokutan shan magani tsakanin buɗa baki da sahur. In kuwa ƙirji ya riƙe, ko numfashi ya yi wuya, a nufi asibiti nan take, ba a tsaya rubuta saƙo ba.

Dattijon nan yana zuwa duk bayan wata uku, da ledarsa cike da fankon kwalaye. A zuwansa na baya ya miƙo mini wayarsa, na ga jerin saƙonnin ɗansa, ƙarƙashin kowanne da amsa iri ɗaya: "Na sha, Allah Ya yi maka albarka." Kwana biyu ne kawai babu amsa, ya ce a ranakun maganin ya ƙare, yaron ya kira da hantsi, ya aiko da kuɗin.