DARASI: MATSAYIN MUSULMI GAME DA SUKAR DA MULHIDAI KE YI WA LITTAFIN KIRISTA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya aiko manzanni Ya saukar da littattafai. Tsira da aminci su tabbata ga cikamakin annabawa, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan karo ya shafi wata ɗabi'a da ta yaɗu tsakanin samarinmu, a nan Sabon Maci da sauran garuruwan jihar Maraɗi. Yaro zai sami wani guntun bidiyo ko rubutu a salularsa, inda wani Bature marar addini ke ragargazar Baibul da aƙidar Kirista, sai ya yi murna ya tura wa abokai, ko ya kai shi majalisa don ya kunyata maƙwabcinsa Kirista. Muna so mu duba wannan al'amari da ma'aunin shari'a: mene ne ya halatta mu ɗauka daga irin wannan suka, mene ne kuma yake cin imaninmu tun kafin ya taɓa na wani?

MAS'ALAR A ƘOFAR GIDANMU TAKE

Kirista 'yan ƙalilan ne a Nijar, amma a yankinmu sun daɗe. 'Yan mishan na ƙungiyar SIM sun sauka Damagaram a 1924, suka buɗe tasha a Tsibirin Gobir a ƙarshen shekarun 1920, suka gina asibitin Galmi a 1950, daga baya kuma na kutare a Danja. An buga cikakkiyar fassarar Baibul da Hausa a 1932, kuma Likita Walter Miller na Zariya yana cikin manyan waɗanda suka yi aikin. Saboda haka Kiristan da muke haɗuwa da shi a kasuwa ko a asibiti sau da yawa Bahaushe ne, da harshenmu yake karanta littafinsa, wani ma ɗan dangi ne.

Mun kuma ga abin da ɓacin rai da sunan addini ke haifarwa. Rikicin Kafanchan na watan Maris 1987 ya faro ne daga saɓani kan wani wa'azi a kwalejin horon malamai, ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. A Maraɗi an kai wa majami'u hari a watan Nuwamba 2000, aka sake ƙona wata a watan Yuni 2019. A watan Janairu 2015 an ƙona majami'u da yawa a Damagaram da Yamai, rayuka suka salwanta. Wanda duk ya buɗe baki kan wannan batu, to ya san kusa da rumbu yake hura wuta.

ASALIN DA MUKE TSAYE A KANSA

Imani da littattafan Allah rukuni ne daga rukunan imani guda shida. Mun yi imani da Attaurar Annabi Musa da Zaburar Annabi Dauda da Linjilar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare su. Alƙur'ani kuma ya ba mu labari, a aya ta 79 ta Suratul Baƙara, cewa akwai waɗanda suka rubuta littafi da hannuwansu suka jingina shi ga Allah. Malamai sun yi saɓani kan iyakar wannan canji. Ibnu Hazmin, malamin Andalus da ya rasu a 1064, ya tafi a kan cewa lafazin kansa aka canza. Wasu, irin su Ibnu Khaldun, sun karkata ga cewa a wajen fassara da tawili aka fi karkatar da ma'ana. Ibnu Taimiyya, a littafinsa Al-Jawabus Sahih, ya tsaya tsaka-tsaki: an canza wani sashe, amma da yawa daga gaskiyar farko tana nan.

Imam Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya hana a gaskata ma'abota Littafi kai tsaye ko a ƙaryata su kai tsaye cikin abin da suke karantawa. Daga nan malaman tafsiri irin su Ibnu Kasir suka kasa labaransu kashi uku: abin da ya dace da Alƙur'ani mu karɓa, abin da ya saɓa masa mu bari, abin da Alƙur'ani ya yi shiru a kansa mu ma mu yi shiru. Da wannan ma'auni ne za mu auna sukar masu suka.

KASHI NA FARKO: SUKAR DA KE RUSHE AƘIDARMU

Mafi yawan abin da mulhidai ke faɗa kan Baibul ya ginu ne kan tushe ɗaya, wato cewa babu wahayi, babu mu'ujiza, babu tashin ƙiyama. A 1835 wani Bajamushe mai suna David Strauss ya wallafa littafi kan rayuwar Annabi Isa (A.S.), ya mayar da mu'ujizojinsa tatsuniyoyin da mabiya suka ƙaga. Ernest Renan na Faransa ya bi sawunsa a 1863. To, mai yi wa haihuwar Annabi Isa ba tare da uba ba dariya, Suratu Maryam yake yi wa dariya ko ya sani ko bai sani ba. Mai cewa ba a taɓa warkar da makaho da kuturu ko rayar da matacce da izinin Allah ba, ya ƙaryata aya ta 49 ta Suratu Ali Imrana. Mai cewa Annabi Isa bai taɓa wanzuwa ba, ya ƙaryata manzon da Musuluncin mutum ba ya inganta sai da imani da shi.

Tarihi ya nuna cewa wuƙar da ta yanka maƙwabci ba ta komawa kube. Shi Renan ɗin, a 1883, ya tsaya a jami'ar Sorbonne ta birnin Paris ya ce Musulunci maƙiyin ilimi ne, har sai da Jamaluddin al-Afghani ya mayar masa da martani a jarida. Tun kafin shi, Voltaire, wanda ya shahara da yi wa Baibul ba'a, ya rubuta wasan kwaikwayo na cin zarafin Manzon Allah (S.A.W.), aka nuna shi a 1741. Jaridar Charlie Hebdo da ta yi zanen ɓatanci ga Annabinmu ta daɗe tana yi wa Annabi Isa da mahaifiyarsa irin wannan. Ga abin takaici a nan: a 2015 fushin da aka yi da ita ya faɗa kan mutanen da ita ma take zagin abin da suke girmamawa. Don haka yaɗa irin wannan suka bai halatta ba, domin yaron da ya saba jin ana izgili da mu'ujiza a littafin wani, gobe shubuhar za ta biyo shi har cikin nasa.

KASHI NA BIYU: BINCIKEN TSOFAFFIN RUBUCE-RUBUCE

Akwai wani nau'i dabam, shi ne binciken yadda nassin Baibul ya iso hannun mutane. Wannan ilimi ne na gaske, kuma da yawa daga masu yin sa Kirista ne. An sami kwafe-kwafen Sabon Alkawari na rubutun hannu da harshen Girka fiye da 5,000, kuma akwai bambance-bambance a tsakaninsu. Biyu daga mafi tsufa cikin manyan kundaye na ƙarni na 4 ne bayan haihuwar Annabi Isa: ɗaya yana ɗakin karatu na Vatikan, ɗaya kuma Tischendorf ya gano shi a gidan ruhubanawa na Dutsen Sina'i a 1844 da 1859. A cikin waɗannan biyu babu ayoyi 12 na ƙarshen Linjilar Markus, wato sura ta 16 daga aya ta 9 zuwa ta 20. Babu labarin matar da aka kama da zina, wanda ke farkon sura ta 8 ta Linjilar Yohanna. Babu kuma jimlar nan ta wasiƙar Yohanna ta farko, sura ta 5 aya ta 7, wadda ta fi kowace fitowa fili kan aƙidar uku-cikin-ɗaya. Haka nan Baibul na Katolika littattafai 73 ne, na Furotesta 66.

Ya halatta Musulmi mai ilimi ya kafa hujja da waɗannan, kuma magabata sun yi. A watan Afrilu 1854, a birnin Agra na ƙasar Indiya, Shaihu Rahmatullahi al-Kairanawi ya yi muƙabala da Fasto Karl Pfander, marubucin Mizanul Haƙƙi. Wani likita mai suna Wazir Khan, wanda ya karanta littattafan Turawa masu binciken Baibul, shi ya taimaka wa Shaihun, har Pfander ya yarda cewa akwai wuraren da nassin ya sami canji. Daga baya Shaihun ya rubuta Izharul Haƙƙi a Istambul a 1864. Wannan littafi ne ya zaburar da Shaihu Ahmad Deedat, wanda kaset ɗin muƙabalarsa da Jimmy Swaggart ta 1986 a Amurka ya zaga ƙasar Hausa.

Sai dai adalci ya wajabta mu san amsar da Kirista ke bayarwa. Suna cewa mafi yawan bambance-bambancen na harafi ne da jerin kalmomi, cewa su da kansu suke nuna wuraren shakka a gefen shafi, kuma cewa aƙidarsu ba ta rataya ga aya ɗaya ba. Wanda ya shiga muƙabala bai san wannan amsa ba, zai fito da kunya. Mu kuma lura da shaidun da muke kira. Bart Ehrman, wanda littafinsa na 2005 kan canjin nassi ya yi suna, ya bar addini gaba ɗaya, kuma ya faɗa da bakinsa cewa matsalar wahalar da bayi ke sha a duniya ce ta raba shi da imani da Allah. Yana kuma ganin gicciye Annabi Isa tabbataccen tarihi ne, alhali aya ta 157 ta Suratun Nisa'i ta kore shi. Malaminsa Bruce Metzger ya san duk abin da ya sani, ya kuma mutu yana Kirista. Ashe binciken takardu shi kaɗai ba ya shiryar da zuciya. Shiriya ta Allah ce.

KASHI NA UKU: ZAGI DA IZGILI

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Aya ta 108 ta Suratul An'am ta hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa, don kada su zagi Allah bisa jahilci. Idan an hana zagin gunki saboda abin da zai biyo baya, ina ga wulaƙanta littafin da ke ɗauke da sunayen Annabi Ibrahim da Annabi Musa da Nana Maryam? Aya ta 40 ta Suratul Hajji ta ambaci majami'u tare da masallatai cikin wuraren da Allah ke tsarewa daga rushewa.

LADUBBAN MUƘABALA

Mafi kyawun abin koyi shi ne zuwan tawagar Kiristan Najran Madina. Ibnu Is'haƙa ya ruwaito cewa mutum 60 ne, kuma da lokacin ibadarsu ya yi Manzon Allah (S.A.W.) ya bar su suka yi ta a masallacinsa. Ya tattauna da su kan Annabi Isa, bai sassauta kan tauhidi ba ko kaɗan, ayoyin farkon Suratu Ali Imrana suka sauka kan haka. Ba su musulunta ba, amma da yarjejeniyar aminci suka koma gida, tare da Abu Ubaida (R.A.), wanda aka aika musu saboda amanarsa. Daga wannan da kuma aya ta 46 ta Suratul Ankabut da ta 125 ta Suratun Nahli muke ciro waɗannan ladubba:

Na ɗaya, ilimi kafin magana. Wanda bai kyautata tsarkinsa da sallarsa ba, bai san ma'anar Suratul Ikhlasi ba, Ahalari da Ishmawi da Iziyya ne a gabansa, muƙabala ta jira malamai.

Na biyu, gaskiya wajen ciro magana. Kada mu yanke aya daga abin da ke gabanta da bayanta, domin mun san zafin haka idan aka yi wa Alƙur'ani. Aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta wajabta adalci ko ga wanda ake ƙi.

Na uku, ma'auni ɗaya. Kafin mu jefa hujja mu tambayi kanmu: idan aka juyo da ita kanmu, za mu yarda da ita?

Na huɗu, gyaran niyya. An ruwaito cewa Imam Shafi'i ba ya damuwa ko a harshensa gaskiya ta bayyana ko a harshen abokin jayayyarsa. Imam Gazali kuma, a Ihya'u, ya lissafa cututtukan da jayayya ke haifarwa, irin su hassada da girman kai da riya.

Na biyar, zaɓen wuri. Tashar mota da bakin kasuwa da lasifikar da ke fuskantar gidan maƙwabci ba wuraren muƙabala ba ne. Idan murya ta fara tashi, a yi sallama a watse.

KAMMALAWA

Muna kira ga limamai da malaman makarantun Islamiyya su karantar da ƙissar Annabi Isa (A.S.) daga Alƙur'ani filla-filla, domin yaron da ya san ta ba ya buƙatar aron baki wurin mulhidi. Iyaye su riƙa tambayar abin da 'ya'yansu ke kallo da abin da suke turawa. Kowannenmu kuma, idan irin wannan saƙo ya iso gare shi, ya auna shi da kashi ukun nan kafin ya danna turawa, ya kai wa malami abin da ya shige masa duhu. Maƙwabcinmu Kirista yana da haƙƙin maƙwabtaka a kanmu: mu gaishe shi, mu duba shi idan ba shi da lafiya, mu cika masa mudu, mu faɗa masa gaskiyar tauhidi da lafazi mai daɗi idan dama ta samu.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.