Darasin Juma'a: Wayar Maniyyaci Ita Ma Guzuri Ce

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon Allah (SAW) da iyalansa da sahabbansa.

Darasin wannan makon na maniyyata ne da iyalansu, da kuma yaran da za a bar wa amanar shago. Malam Liman yana nan yana ci gaba da bitar hukunce-hukuncen Hajji bayan Magariba. Ni abin da zan taɓo shi ne wanda littattafan fiƙihu ba su yi masa babi ba, wato wayar hannu. Dalili kuwa, da yawa daga cikinmu a nan Legas muke zaune amma a hukumar alhazan jihohinmu na gida muka biya kujera, Kano ko Sakkwato ko Katsina ko Jigawa. Bitar da ake yi can tana wuce mu, sai mutum ya isa sansanin alhazai yake jin wasu abubuwan karon farko.

Imamu Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa wasu mutanen Yaman sun kasance suna tahowa Hajji hannu rabbana, suna cewa ai sun dogara ga Allah, in sun iso Makka kuma su koma roƙon mutane. A kan haka aka saukar da umarnin yin guzuri da ke aya ta 197 a Suratul Baƙara. Kakanninmu da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙasa, guzurinsu gero ne da jaki da sana'ar hannu. Iyayenmu na jirgin sama, garin kwaki da yaji da kuka da kilishi. Mu kuwa an ƙara mana waya a kai, ko muna so ko ba ma so, don hukumomin Saudiyya sun mayar da abubuwa da yawa cikinta.

Babbar manhajar da ta shafi kowa ita ce Nusuk, ta Ma'aikatar Hajji da Umara ta Saudiyya. A 2022 ta maye gurbin wata da ake kira Eatmarna, wadda aka yi lokacin korona. Da ita ake neman izinin shiga Rauda a Masallacin Annabi (SAW). Za ka zaɓi rana da lokaci, maza da nasu, mata da nasu, sai ta ba ka wata alama mai ɗige-ɗige da askarawa za su haska a ƙofa. Izinin nan kyauta ne, ba a biyan ko riyal ɗaya. A ƙarshen 2023 ma'aikatar ta sanar cewa sau ɗaya mutum zai samu a cikin kwana 365, saboda haka ba abu ba ne da za a yi wa riƙon sakainar kashi. Wasu ayarin jami'ansu ne ke nema musu a dunƙule, to amma wanda ya rasa wannan, wayarsa ce kaɗai mafita.

A nan ne matsalarmu take, kuma ina roƙon dattawa su yi haƙuri su karanta wannan wurin sau biyu, ko su sa a karanta musu. Wajen buɗe Nusuk ana neman lambar fasfo, lambar biza, ranar haihuwa, lambar waya da imel. Abin da aka saba a nan shi ne Alhaji ya miƙa wayar da fasfon ga yaron da ke sa wa mutane waƙoƙi da wa'azi a bakin kasuwa, ya ce, "Ɗan nan, yi min abin nan na Makka." Yaron ba mugu ba ne, sauri yake yi, ga layi na jiransa. Alhaji ba shi da imel, sai yaro ya sa nasa. Ya ƙirƙiro lambar sirri daga kansa, bai rubuta ba. Ranar da manhajar ta fitar da Alhaji a Madina, ko wayar ta faɗi aka sayi wata, lambar tabbatarwa za ta tafi imel ɗin wani yaro a Agege, wanda wataƙila ya tafi gida noma, wataƙila ma ya manta lambar sirrinsa. Alhaji na tsaye ƙofar Rauda, makullin yana Legas. Ban da wannan, hoton fasfon Alhaji ya zauna a wayar yaron, tare da na wasu mutum talatin, kuma wayar nan gobe za a iya sayar da ita a Computer Village ba a goge komai ba.

To me za a yi? Ba laifi ba ne a nemi taimako, dukkanmu muna nema. Sharaɗin shi ne a yi a gabanka, da imel da aka buɗe da sunanka a cikin wayarka, da layin da zai bi ka Saudiyya. A rubuta imel ɗin da lambar sirrin a takarda biyu, ɗaya cikin jakar wuya tare da kuɗin guzuri, ɗaya a wajen mutum guda a gida wanda ka yarda da shi, uwargida ko babban ɗa. In an gama, ka tsaya mai taimakon ya goge hoton fasfonka kana gani. Wanda ya ji haushi don ka ce ya goge, to dama bai kamata ya taɓa fasfon ba. Hajiyoyi, wannan ya fi shafar ku, don sau da yawa layin da ke wayar Hajiya da NIN ɗin maigida ko na wani ɗa aka yi masa rajista. In ya ɓace ba a yi masa welkom-bak sai da sa hannun mai sunan.

Sai katin Nusuk, wanda ake ratayawa a wuya. Tun Hajjin 2024 aka wajabta shi ga kowane alhaji, kuma ba a shiga Mina da Arfa da Muzdalifa sai da shi. Yana ɗauke da hotonka da sunanka da alamar da ake haskawa a ga bayananka da masaukinka, akwai kuma kwafinsa a cikin manhajar. Na san daɗin da ake ji ranar da aka karɓe shi, amma don Allah kar a ɗauke shi hoto a ɗora a situs na WhatsApp, haka biza, haka fasfo, haka tikitin jirgi. Masu buga katin jabu irin waɗannan hotunan suke nema. Sannan mu 'yan kasuwa akwai ƙarin abin lura: hoton tikiti yana gaya wa duk mai lambarka ranar da za ka tashi da ranar da za ka dawo, wato ka yi shelar cewa wata guda maigida ba ya gida, mai shago ba ya shago. Lambobinmu kuwa suna hannun kwastomomi da direbobi da 'yan dako ɗaruruwa.

Ku yi hattara da tallan "Hajji mai sauƙi" da ke yawo a Facebook da guruf-guruf. Akwai ƙasashen da mutanensu ke sayen kujera kai tsaye ta shafin Nusuk, kamar Ingila da Amurka, amma Najeriya ba ta ciki. Mu hanyarmu hukumar alhazai ta jiha ce, ko kamfanin jirgin yawo mai lasisin NAHCON, kuma hukumar tana fitar da sunayensu. Bizar ziyara ko ta yawon buɗe ido ba a Hajji da ita. A Hajjin 2024, da zafi ya haura digiri 51 a Makka, ministan lafiyar Saudiyya ya ce mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji. Su ne waɗanda ba su da tanti mai sanyi a Mina, ba su da mota, suna tafiya a rana suna ɓuya wa askarawa. Allah Ya jiƙansu. A 2025 an sa tarar da ta kai riyal 20,000 ga wanda aka kama ba izini, da kora, da hana shiga ƙasar shekara 10.

Yanzu bari mu zo kan manhajojin da muke ganin kamar ba ruwansu da kowa, na kiran salla da alƙibla da azkar. A Nuwamban 2020 wata jaridar intanet ta Amurka, Motherboard, ta fallasa cewa Muslim Pro, wadda aka sauke fiye da sau miliyan 98, tana miƙa bayanan wurin da masu amfani da ita suke ga wani kamfani, X-Mode, shi kuma cikin masu saye a wajensa akwai 'yan kwangilar sojan Amurka. Don adalci, masu Muslim Pro sun musanta cewa sun sayar wa soja, kuma sun ce sun yanke hulɗa da kamfanin. A 2022 kuma Google ta cire wasu manhajoji daga shagonta, ciki har da ta kiran salla da ta alƙibla, saboda an gano wani abu da aka ɓoye cikinsu yana kwasar lambar waya da imel da wurin da mutum yake. Yadda abin yake, manhajar kyauta ce a wajenka, amma wanda ya yi ta yana neman abinci, sai dillalin bayanai ya ce masa saka wannan ɗan abin nawa a ciki in riƙa biyan ka. Mu da muke kasuwa ai mun san ba a buɗe shago don a yi ta rabon kaya.

Wani zai ce, "To ni me nake ɓoyewa? Su gani mana." Ai ba sai kana da abin kunya ake rufa maka asiri ba. Suratun Nur ta hana a shiga gidan mutum sai da izini, Suratul Hujurat ta hana bin diddigin mutane, kuma ba don masu laifi aka saukar da su ba. Wayar da ta san inda kake kwana, da masallacin da kake asuba, da ranar da kake zuwa banki, ta san abin da maƙwabcinka ma bai sani ba.

Gyaran ba shi da wuya. A shiga setin ɗin waya a duba izinin da aka ba kowace manhaja. Ta alƙibla tana buƙatar sanin garin da kake, sai a ba ta izinin wuri na lokacin da ake amfani da ita kawai, ko a rubuta mata sunan garin da hannu in tana karɓa. Amma me ya haɗa manhajar carbi da lambobin mutanenka, ko saƙonninka, ko makirfo? A hana ta, in ta ƙi aiki a goge ta. Kuma a sauke komai daga Play Store ko App Store, ban da wanda aka turo ta WhatsApp ko Xender da sunan "sabuwar Nusuk". A Makka dai, gaskiyar magana, ga ladan kana ji da kunnenka, ga sahu kana gani, manhajar salla hutu za ta yi.

Maganar banki a taƙaice. Layin da alat ke shigowa shi ne makullin asusunka. Kar ka bar wa yaron shago don ya riƙa ganin alat, gara a buɗe wa shago asusu daban da layi daban kafin tafiya. Ka leƙa ofishin kamfanin layinka a tabbatar zai yi aiki a waje, ka tambayi bankinka lambar da ake dannawa a rufe asusu in waya ta ɓace, ka ba amintaccenka na gida. A can za ka iya sayen layin STC ko Mobily ko Zain da fasfonka, kuma WhatsApp ɗinka zai ci gaba da aiki da lambar Najeriya. Ka sa masa lambar sirri ta biyu, mai lamba 6, kafin ka tashi. Babu jami'in NAHCON, ko na banki, ko na Nusuk, da zai kira ka ya ce ka karanto masa lambar da aka turo maka ta tes. Duk wanda ya nema ɓarawo ne, ko da ya yi sallama da Larabci.

Iyalai na gida, ku ma da naku. Ranakun Mina da Arfa caji na wahala, layi na cushewa, kwana biyu ba a ji muryar Alhaji ba, hankali ya tashi. Lokacin ne 'yan damfara ke kira da baƙuwar lamba su ce Baba ya faɗi yana asibiti, a turo kuɗi yanzu-yanzu. Ku sani asibitocin gwamnatin Saudiyya kyauta suke duba alhazai a lokacin Hajji, kuma Najeriya na tafiya da likitocinta. Tun kafin tashi ku karɓi lambar mutum biyu da ke ayari ɗaya da shi da ta jami'in ƙaramar hukumarsa, kar a tura ko sisi sai an ji daga ɗayansu.

Akwai kuma haƙƙin wasu a wuyan mai waya. Tantin mata a Mina ɗaki ne, mata na kwance, wata ta cire mayafi saboda zafi, sai wata ta kunna kiran bidiyo tana zagayawa da waya don 'ya'yanta su ga wuri, alhali surukinta na kallo a ɗaya ɓangaren. Ko a ga dattijo ya yanke jiki ya faɗi wajen jifa, maimakon a ba shi ruwa sai a ɗaga waya. Wannan tona asirin Musulmi ne a wuri mafi alfarma. Dokar Saudiyya ma ta 2007 kan laifukan intanet ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara 1 ko tarar da za ta kai riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya. Wanda zai ɗauki hoto ya ɗauki kansa, ya nemi izinin na kusa da shi, ya maida wayar jaka. Yinin Arfa guda ɗaya ne, daga zawali zuwa faɗuwar rana, kuma kun san nawa aka biya kafin a kai wurin.

In Allah Ya kai mu Lahadi bayan La'asar, za mu zauna a ofishin masallaci da matasa uku da kwamiti ya amince da su, mu duba wayoyin maniyyata ɗaya bayan ɗaya. Na mata a ajin Islamiyya ne, malamar yara za ta jagoranta. A zo da waya cike da caji, da fasfo, da biro da takarda. Kowa da hannunsa zai danna lambar sirrinsa, kuma ba za mu ajiye hoton takardar kowa ba. Wanda yake da tsohuwar fawa-bank mai kyau da zai ara wa dattawanmu, ya kawo wa ladan kafin ranar.

Allah Ya kai su lafiya, Ya dawo mana da su lafiya, Ya karɓi ibada. Wassalamu alaikum.

Sakataren Masallaci