Tsiron Da Ba Ya Fure

Ka sani, yawancin tsire-tsire suna fure, sa'an nan su yi 'ya'ya. Amma akwai wani dangi wanda ba ya yin ko ɗaya. Cikinsu akwai wanda Turawan Ingila ke kira birakin. Ya kamata mai dabbobi ya san shi, gama dafi gare shi.

Ga alamunsa. Ta fari, tohonsa yakan fito a naɗe, kamar an dunƙule hannu, ya riƙa warwarewa a hankali. Ta biyu, ganyensa faffaɗa ne, mai kusurwa uku, a tsattsage kamar gashin tsuntsu. Tsawonsa yakan kai ƙafa 3 zuwa 6. Ta uku, in ka juya ganyen da ya ƙosa, ka ga bakinsa ya lanƙwashe, da wani gari ja-ja a ciki. Wannan gari shi ne irinsa, iska ke watsa shi. Ta huɗu, in ka tona, ka tarad da baƙar saiwa tana tafiya a kwance, tana fid da toho nan da can.

Ba ya son ƙasa mai fari irin ta Kano ko Damagaram. Tudu mai sanyi da ruwan sama ya ke so. Akwai shi a Mambila, da Obudu, da duwatsun Bamenda cikin Kamaru, da Habasha, da Kenya, har Turai da Amurka. Kaɗan ne cikin tsire-tsire suka kai shi yaɗuwa a duniya.

To, ga inda hatsarin ya ke. In an ƙone daji, wuta ba ta kai ga saiwarsa, sai ya yi ta toho, shanu masu yunwa su fāɗa masa. Saniyar da ta yi makonni tana ci sai ta kama zazzaɓi, jini ya riƙa fita ta hanci da kashi. Wadda ta daɗe tana ci kaɗan kaɗan takan yi fitsarin jini. Doki kuwa tangaɗi ya ke yi. A 1983 masana a Japan suka ware dafin da ke cikinsa.

Saboda haka, in ka kai garke tudu, duba makiyaya tukuna. Kada ka haɗa shi cikin ingirici, gama ko ya bushe dafin na nan. In ya shiga gonarka, sare shi sau 2 kowace damina, shekara da shekaru, har saiwar ta mutu. Rigakafi ya fi magani.