Mussa a lokacin ɗari

A Urno, cikin ƙasar Madawa, in an gama girbi hatsi ya shiga rumbu, sai kusu ya biyo shi. Mai tsaron rumbun nan ita ce mussa, ko ta gida ko mai yawon gari.

Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas. Ɗarin dare yana kashe ƙananan mussa. Manya kuma suna shiga tokar murhu neman ɗumi, garwashi ya ƙone su.

Ga abin da manomi zai yi:

1. Ya aje tsohuwar tukunya ƙarƙashin rumbu, bakinta ya ba iska baya.
2. Ya shimfiɗa busasshiyar ciyawa ciki. Jiƙaƙƙen tsumma sanyi yake ƙarawa.
3. Ya aje mata ruwa da ragowar abinci.
4. Kada ya zuba guba inda take yawo. In ta ci kusun da guba ta kashe, ita ma tana iya mutuwa.
5. Kahin a hura wuta da sahe, a duba murhu.

In baƙuwar mussa ta ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15. A kai shi likita nan take, don gudun ciwon haukar kare.

Wanda ya kiyaye mussa, hatsinshi ya kiyaye.